Gayyar Gagara-Rabo

Sakkwato,
18 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Kakana Malam Dalhatu, tsohon hedimasta, Nasarawa Burkullu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Kulu da duk mutanen gida. Ni ƙalau nake, in ban da zazzaɓin da ya kwantar da ni kwana uku a farkon zango. Lirwanu direba ya kawo mini ƙuli-ƙulin Inna. Ka gaya mata bai kwana biyu ba, 'yan ɗakinmu sun gama da shi.

Lirwanun ne ya ce mini yanar ido ta rufe idonka na dama, na hagun ma ta soma, har ranar Juma'a ka tsaya kana gaida shi da sunan wani. Ya kuma ce likitocin ido za su sauka a Gummi ranar 15 ga Nuwamba, kwana bakwai kawai, kuma Monica ta asibitin garinku ta rubuta sunanka. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Tun da Kaka Makau ya rasu, kai ƙanensa ne kakan da ya rage mini, kuma ina son kaka mai gane ni daga nesa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar da ka koya mana lambobin da ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su 7 da 13 da 97? Ka ce mana waɗannan ƙuruciya ke damunsu, amma duk lambar da ta girma sosai, in ka yi haƙuri da ita, za ka sami abin da zai raba ta. Kaka, da girmanka da rawaninka, a nan ka yi kuskure. Wannan zangon su muke karantawa, kuma ba su ƙarewa, komai nisan da ka yi sai ka tarar da wata a gaba. Ga guda na kawo maka tsaraba. Ka ɗauki ɗaya ka ninka shi biyu, abin da ya fito ka sake ninkawa biyu, har sau talatin da ɗaya, sa'annan ka cire ɗaya. Za ka sami

2,147,483,647

Gida goma gare ta, ta haura biliyan biyu, kuma an ce babu abin da ke raba ta ba saura. In kana ganin malamanmu na jami'a ƙarya suke, ga fili nan. Kuma dokarka ce da kanka, wadda ta hana ni cin ƙosai sau da yawa a aji huɗu: ba mai fita tara, wato hutun cin abinci, sai ya gama aikin da ke gabansa.

Jikarka,
Fiddausi

*

Nasarawa Burkullu,
6 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Fiddausi marar kunya.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gero ya shiga rumbu, dawa muke jira. Kulu na fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Kada ki dubi girman rubutuna, biron ne ba ya ci sosai.

Wasiƙarki ta zo ranar kasuwa, na sa aka karanta ta a majalisa ƙofar gida, ban san da abin da ke ciki ba. Sai ga shi jikata tana ƙaryata ni a gaban mutanen da na yi wa bulala a kan jadawalin sau. Dodo mahauci ya yi dariya har ya riƙe ciki, shi da bai taɓa wuce sau shida ba. A nan take na ce masu na karɓi aikin, kuma dokata tana kaina kamar yadda ta hau kansu.

Na sa mata suna Gagara-Rabo, kafin in karya ta ta koma wani sunan. Na fara da biyu, saura ɗaya. Uku, saura ɗaya. Huɗu ta bar uku, biyar ta bar biyu. Shida, bakwai, tara, sha ɗaya, duk saura ɗaya. Kin ga irin halinta? Sai ta bari ka kai bakin ƙofa, ta bar maka ƙwaya ɗaya a hannu. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san yaro mai irin wannan hali, kuma ban taɓa ganin wanda ya gagare ni ba.

Goma nake yi kullum, biyar da hantsi, biyar bayan la'asar. Jiya na wuce ɗari da talatin. Ba na tsallake ko ɗaya, don tsallake shi ne mafarin ha'inci. Rabon da in tashi da safe da abin yi a gabana haka tun da na aje aiki, kuma ba zan ɓoye maki ba, daɗi nake ji.

Maganar ido kuwa, Lirwanu ya cika kai rahoto. Ina ganin abin da nake so in gani. Za a je Gummi in an gama aiki.

Kakanki,
Dalhatu Namadi

*

Nasarawa Burkullu,
2 ga Disamba, 1999

Fiddausi, ni ce Monica nake rubutawa. Inna Kulu ta ce in sa maganarta yadda ta faɗe ta, kada in gyara. Ga ta.

Fiddausi ɗiyata, ina gaishe ki, ina gaida karatu. Muna lahiya, gwiwa da sauƙi. To mi kika aiko muna cikin gida? Likitoci sun zo Gummi sun tahi. Lirwanu yak kawo mota har ƙohwar gida da sassahe, na ɗaure mashi kaya, na dama hura, tsohon ga yac ce ba shi zuwa, wai ke kika hana shi hita sai ya gama. Nic ce Malam, yarinya wasa takai. Yac ce shi bai san wasa ba cikin lissahi.

Mutum huɗu sunka tahi daga garin ga, ukku sun dawo suna gani, har da tsohuwar Adabka da ake ja da sanda. Shi ko shina zaune shina rabo. Littahin 'yan makaranta ya ƙare mashi ukku. Yanzu ba shi ganin layin takarda, ya koma bangon zaure da gawayi. Gawayin guga na duk ya ɗebe. Baƙo in yash shigo sai shi tsaya shina kallon bango, shi aza wani asiri mukai.

Ni ban yi boko ba, amma shekara arba'in da huɗu ina rabon tuwo gidan ga, na san mai ƙoshi, na san mai jin kunya. Tsoro shikai. Kin san abin da anka yi ma Makau. Wani mai tsokane yanar ido yaz zo kasuwar Gummi, Malam da kanshi yak kai wanshi, yar riƙe mashi kai anka sa allura. Kwana ukku Makau na gani, daga nan idon yak kumbura, bai ƙara ganin rana ba har yak koma ga Allah. Malam bai taɓa hwaɗin maganar ga ba, ko ga ni.

Abin da nika so, ki rubuto ki ce mashi an samu abin da yar raba lambar can wajenku, an gama, shi huta. Ko ki ce kuskure kika yi. Ke kika ɗaure, ke za ki kwance.

Innarki, Kulu.

Ni Monica ina ƙarawa: aikin likitocin nan ba irin na kasuwa ba ne, na yi masa bayani har sau uku, yana ce mini "madalla, 'yata" yana ci gaba da rubutu. Za su dawo ranar 10 ga Afrilu. Idon dama ya daɗe, bai kamata ya wuce wannan zuwan ba.

*

Nasarawa Burkullu,
29 ga Janairu, 2000

Fiddausi,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa, ko da yake ta kwana. Muna lafiya. An yi sanyi bana.

Shiru. Wata uku ba wasiƙa. Lirwanu ya ce yana ajewa a wurin mai gadin sashenku. Ko dai kin ji tsoro ne, kin san na kusa? Na wuce ɗari tara da sittin. Ko da azumi ban fasa ba. Bangon gabas ya cika, na koma na kudu. Wata rana na sami saura biyu kacal, na kira Kulu ta zo ta gani, ta ce in ba ta wuri za ta share zaure.

Akwai abin da na lura. In ka ƙara mata ɗaya, sai ta yi laushi, ka yi ta raba ta biyu har ka ƙare a ɗaya. In ka rage mata ɗaya, biyu da uku da bakwai da tara da sha ɗaya duk su shige ta. Maƙwabtanta biyu masu sauƙin kai, ita ce kawai a tsakiya ta kafe. Na fara ganin girmanta, amma ba zan gaya mata ba.

Takardar nan layi huɗu take ɗauka a shafi, shi ya sa kika ga ta yi kauri. Ki rubuto, ko da layi biyu ne. Gidan ya yi shiru.

Kakanki

*

Sakkwato,
21 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga Kaka Malam da Inna Kulu. A karanta masu tare, don Allah.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina neman gafara. Lafiyata ƙalau. An rufe makaranta tun kafin azumi, na tafi Anka wurin mahaifiyata, da muka dawo kuma mai gadin da ke karɓar wasiƙu ya tafi jinya da makullin akwatinsa. Jiya aka ba ni wasiƙu uku a haɗe. Na karanta ta Kaka ta farko ina dariya, na karanta ta Inna na zauna a kan matakala na yi kuka. Wasa na yi, Kaka. Ban san zan ba ka wurin ɓuya ba.

Inna, ki yafe mini, ba zan iya ce masa an raba ta ba. Zai tambaye ni da nawa, ya je bango ya gwada, ya kama ni kafin azahar. Kuma shi ne ya koya mini kada in rubuta amsar da ban yi aikinta ba. Amma akwai hanya ta gaskiya, kuma gajera ce.

Kaka, a yadda kake tafiya, goma a rana, sai ka yi shekara fiye da dubu ɗari biyar kafin ka kai ƙarshenta. Ko Inna ba za ta jira ka haka ba. To saurara.

Na farko. Ka ɗauka lambar nan ramukan shuka ce, kana so ka jera su layi-layi daidai. In gonar ta zama murabba'i, kowane gefe zai kama 46,340 da ɗan ɗori. Duk wani jeri da za ka yi, in tsawo ya wuce haka, dole faɗi ya gaza haka. Ke nan in akwai mai raba ta, akwai ƙaraminsa a ƙasa da 46,341. In ka kai nan ba ka samu ba, babu shi har abada. Wannan ya mayar da aikin shekara goma sha biyu da 'yan watanni.

Na biyu. Lambar da aka haifa ta hanyar ninka biyu sau talatin da ɗaya a cire ɗaya ba ta buɗe wa kowa ƙofa. Masana sun tabbatar cewa in har tana rabuwa, to akwai mai raba ta a cikin wani jeri guda. Ka fara da 249. Ƙara 62, ka sami 311. Ƙara 186, ka sami 497. Sake 62, sake 186, haka har ka tsaya a 46,191. Guda 372 ne cif. Hujjar tana da ɗan tsawo, in na zo hutu zan zauna in yi maka ita a bango, ka kama ni in na yi ha'inci. Wannan ba tsallake ba ne, sanin hanya ne. Wani masani da hannu ya bi ta shekara fiye da ɗari biyu da suka wuce. Na kwafe maka jerin duka a takardun da ke haɗe.

Kuma ba dole sai kai kaɗai ba. Bara aka gano wata 'yar'uwarta, ita ma ninkin biyu ce a cire ɗaya, mai gida fiye da miliyan biyu. In za a rubuta ta, bangon garinku kaf ba zai ɗauke ta ba. Ba mutum ɗaya ya yi aikin ba. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban kowa ya ba da kwamfutarsa, aka yanka wa kowa kuyyarsa, kamar dai yadda ake kiran gayya a gona.

Likitoci za su dawo 10 ga Afrilu. Ni ce na riƙa ja wa Kaka Makau sanda zuwa masallaci ina 'yar shekara shida. Na yi shi da son raina, amma ba na so in sake.

Jikarku,
Fiddausi

*

Nasarawa Burkullu,
20 ga Maris, 2000

Zuwa ga Malama Fiddausi. Lirwanu ke rubutawa, ni ke faɗa.

Barka da Sallah. Muna lafiya, an yi layya lafiya, Kulu ta aje maki soyayyen nama a gwangwani.

Maganarki ta gona na auna ta kwana biyu, ban sami inda ta karkace ba. Ta biyun na karɓa bisa amana, sai kin zo. Amma maganar gayya ce ta hana ni zama. Ashe Turawa ma sun san gayya? Na ce to mu da muka gaje ta ba za a bar mu a baya ba. Kuma kin lura 372 mutum talatin da ɗaya ne, kowa sha biyu? Ita dai ba ta da taurin kan uwar ɗakinta.

Na aika Gummi da Bukkuyum da Adabka, na ce duk wanda ya taɓa zama ajina kuma ya zo gida Sallah, ina gayya ranar uku ga Sallah, kowa ya zo da fensir, ba da fartanya ba. Na zaci goma za su zo. Fiddausi, mutum arba'in da biyu suka zo. Akwai alƙali, akwai tela, akwai mai gyaran babur, akwai wanda furfurarsa ta fi tawa. Na zaɓi talatin, ni na cika na talatin da ɗaya, sauran na sa su bin aiki suna dubawa. Mata shida suna ciki wurin Kulu, Monica ce shugabarsu, kuma sun riga maza gamawa. A rubuta wannan, Lirwanu, kada ka tsallake.

Auwalu mai shago ya zo da kalkuleta yana taƙama. Ya danna, ya danna, ashe gida takwas take ɗauka, Gagara-Rabo ba ta shiga. Ya mayar da ita aljihu ya karɓi fensir kamar kowa. Makaɗin gayya ma ya zo da gangarsa ba a kira shi ba, ya ce bai taɓa jin gayya ba kiɗa ba. Ya fara, mutane suka riƙa mance abin da suka riƙe a ka. Muka ba shi fura muka roƙe shi ya jira a tashi.

Wajen azahar sai Dodo mahauci ya miƙe tsaye, da takarda a hannunsa. Ya ce, "Malam, ta rabu. Wallahi ta rabu, ba saura ko ɗaya." Ni kaina, abin mamaki, ba murna na ji ba. Alƙali ya karɓa ya duba, ya ce, "Dodo, ina bakwai ɗin tsakiya? Ka yar da ita hanya." Dodo ya ce, "Ai na ga ta yi yawa, nic ce ko ƙashi ce." Aka yi dariya har da masu hawaye. Shekara ashirin da shida da barinsa aji, hannunsa bai canja ba.

Kafin la'asar sakaliya kowa ya kawo nasa. 249 ta bar 79, haka dai kowace da saurarta, babu wadda ta shige. Aka ci tuwon dawa, makaɗi ya samu ya yi kiɗansa, tela ya taka rawa. Ban taɓa yin yini mai daɗin wannan ba tun da aka ɗaura mini aure.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Cikin sha biyun da ke kaina na yi sha ɗaya, rana ta yi sanyi, ido ya gaji. Ta ƙarshe, 46,191, tana nan. Ba zan ba kowa ba, rabona ce. Babba ce, tana son natsuwa. Zan yi ta in jiki ya yi daɗi.

Kakanki

Fiddausi, Monica ce a bayan takarda. Inna ta ce in gaya maki: "Takardar lambar ƙarshen na cikin hularshi. Kwana biyu shina taɓa ta ba shi buɗewa. Ko an kai damina ba shi yin ta. Ki san abin da za ki yi."

*

Sakkwato,
28 ga Maris, 2000

Kakana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lafiya lau nake, naman ya iso, wannan karon na ɓoye shi. Na karanta labarin gayya a ajinmu, malaminmu ya ce a gaida Dodo.

Kaka, ciro takardar daga hula. Ba sai ka je bango ba. Tara gidajenta yadda ka koya mana a aji uku: huɗu da shida da ɗaya da tara da ɗaya. Ashirin da ɗaya. Ke nan uku tana raba 46,191. In da 46,191 za ta raba Gagara-Rabo, da uku ma ta raba ta. Uku kuwa kai ka gwada ta da hannunka a ranar farko, ka rubuto mini: saura ɗaya.

Aikin ya ƙare tun ranar gayya. An kaɗa ƙararrawa, Malam, a fita tara.

Na san ba lissafi ba ne ya rage. Ba zan ce maka kada ka ji tsoro ba. Na roƙi izini a makaranta, zan kwana a Gummi ranar 9 ga Afrilu. In ana bari a riƙe hannu, ni zan riƙe naka. In ka zo, ka same ni a bakin ƙofar asibiti. In ba ka zo ba, nan zan yini.

Fiddausi

*

Nasarawa Burkullu,
7 ga Mayu, 2000

Zuwa ga Fiddausi. Dubi rubutun, ba na Lirwanu ba ne.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi yayyafi shekaranjiya, ba a kai ga shuka ba. Monica ta ce idon ya warke sarai, in ci gaba da ɗiga magani, na hagun kuma sai zuwansu na gaba. Na ce ta rubuta sunana tun yanzu. Ina fata kin koma lafiya kuma ba ki rasa darasi da yawa ba.

Akwai abin da ban faɗa maki ba a Gummi, don akwai mutane. Na san uku tana raba 46,191. Tun ranar da Lirwanu ya karanta mini jerin na tara gidajen a kaina. Na ɗauke ta ne don ita ce ta ƙarshe, na ce muddin tana cikin hulata ba wanda zai ce in tashi. Shekara goma sha tara ina jin nauyin kan Makau a tafin hannuna. Ni na ce masa ya zo, ni na ce masa kada ya motsa. Da suka kwantar da ni, kika riƙe hannun nan, shi na tuna, kuma a nan na roƙe shi gafara. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Jiya na faɗa wa Kulu, ta ce ta sani tun tuni, in matsa ta wuce da tukunya.

Kulu ta tsufa, ashe. Ban sani ba, na bar ta da baƙin gashi. Na gaya mata, ta ce in je in dubi madubi kafin in yi magana. Na duba. Ba ta yi ƙarya ba.

Na kuma dubi bangon zaure. Fiddausi, abin kunya. Daga wajen ɗari bakwai zuwa sama kuskure ne birjik, wani wurin na rubuta layi a kan layi. Da yaro ne ya kawo mini wannan aikin, da ya sha bulala. Kulu za ta sa a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Na roƙe ta ta bar kusurwar gabas, inda na fara aikin bango, ta ce za ta duba.

Gagara-Rabo ta ci sunanta, na sallama. Na faɗa a majalisa cewa abin da na koya masu a kan manyan lambobi kuskure ne, jikata ta gyara mini. Dodo ya ce shi dama bai riƙe ba, don haka bai yi asara ba. Kada ki manta da hujjar da kika yi alkawari, na tanadi gawayi. Waccan mai gida miliyan biyu kuma ki bar ta inda take, Kulu ta ce in ta shigo gidan nan ita za ta fita.

Abu ɗaya ya rage. Na san kin ce ba sai an yi ba, kuma gaskiyarki. Amma rabona ce a gayya, ban taɓa barin kuyyata wani ya nome mini ba. Yau da hantsi na ciro takardar daga hula, na zauna a ƙofar zaure, na yi ta da biro a kan layi, ƙanana yadda nake rubutu da.

2,147,483,647 a raba da 46,191: ta ba da 46,491, saura 17,866.

Ga aikin nan a haɗe. Na fita tara kafin in gama, karo na farko a rayuwata. Ki duba da jan biro, Malama, ki sa mini maki.

Ɗalibinki kuma kakanki,
Dalhatu Namadi